Wanda Ya Ja Mana Layi da Toka

Ƙofar Marusa, Katsina.

Zuwa ga ɗana Bishir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Bida lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da aka tura ka. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce yajin da ta ƙulla maka na wata ukku ne, kada ka rabar da shi cikin sati guda kamar yadda ka saba.

Ka san halina. A kan abin da bai shafe ni ba bakina bai da linzami, amma in magana ta zo kan laifina sai harshe ya yi mani nauyi. Shi ya sa na zaɓi in rubuta, in cusa takardar cikin jakarka. A ƙarƙashinta za ka ga wani ƙunshi cikin baƙar leda. Kada ka buɗe shi sai ka karanta ka kai ƙarshe.

Shekaranjiya da la'asar ina cikin shago ina ɗinki, kai kuwa kana kan benci a waje da abokanka. Na ji kana ce masu in ka zauna da gindinka a Bida za ka tara Katsinawan da ke aiki can ku kafa gasar ƙwallo ta magidanta, irin wadda muka yi a nan. Raina ya yi fari. Sai kuma na ji ka ƙara da cewa, "Ta 'yan gida zalla za mu yi, ba mu son hayaniyar baƙi." Wallahi ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Kai da za ka ƙasar Nufawa da jaka a kafaɗa, wai kai ne mai kiran wani baƙo! Dariya ta so ta kama ni, amma ba ta fito ba, domin na san bakin da ya fara faɗin wannan magana a gidanmu. Nawa ne.

Kai ka tashi ka tarar ana ce mani Ciyaman, kana jin ana cewa ni na kafa gasar magidanta ta birni. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Bari in ba ka saura.

A ƙarshen mulkin soja, kana goye a bayan mahaifiyarka, mu kulob huɗu ne kacal: na Ƙofar Marusa, na Ƙofar Durɓi, na Ƙofar Guga, sai na ma'aikatan sakatariya. Duk manya ne masu iyali, wasu da tumbi, wasu furfura ta fara leƙo masu. Akwai tela irina, akwai mahauci, bakanike, malamin makaranta, mai sayar da atamfa. Fili muke da shi a bayan ganuwa, turakun raga na icen bedi, ragar ma babu. Ba mu da layi. Kullum rigima ɗaya ce: ƙwallo ta fita, ba ta fita ba. Na taɓa ganin mutum biyu da suka yi aikin Hajji tare sun shaƙe wuyan juna a kan taku guda na ƙasa.

Wata Asabar muka zo muka tarar an zagaye filin da farin layi, miƙaƙƙe sambal, har da da'irar tsakiya da gidan gola. Muka tsaya muna kallo kamar an sauke mana shi daga sama. Wanda ya yi aikin yana gefe zaune a kan babur ɗinsa, hannunsa fari fat. Sunansa Hamisu, ɗan acaba ne, daga wani ƙauye ta hanyar Batsari ya shigo birni neman abinci. Toka yake karɓowa a gidan burodi, ya tankaɗe ta, ya zuba cikin gwangwanin da ya huda da ƙusa, ya ɗaure igiya daga turke zuwa turke ya bi ta. Na ce mashi, "Malam, wa ya sa ka?" Ya ce, "Ba kowa. Na gaji da ganin manya suna faɗa." Daga ranar, duk Asabar kafin mu zo layi ya riga mu. In aka rasa mutum a atisaye sai a ce Hamisu ya shigo ya cike. Ɗan baya ne, lamba biyar, kuma ban taɓa ganin mai karanta ƙwallo irinsa ba. Ba ya gudu da yawa. Inda ƙwallo za ta sauka, can za ka tarar da shi yana jiran ta.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma daga shi ya kamata in ɗauki darasi. Da muka ce za mu mayar da wasan gasa ta sosai, ni kaɗai na zauna a kan teburin yankan yadi na tsara ranaku da lokuta, na kafe a jikin bedi. Ban tambayi kowa ba. Sati biyu a jere kulob ɗin Ƙofar Guga suka zo mutum bakwai, na yi ta bambami ina cewa ba su san darajar alkawari ba. Hamisu ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam Lawal, rabinsu 'yan kasuwa ne, ranar da ka sa masu kuwa ranar cin kasuwar ƙauye ce. Mutum ba zai bar tuwon 'ya'yansa ya zo bin ƙwallo ba." Na ji kunya, na sake tsari, aka daina fashi. To, Bishir, magidanci ba ɗan makaranta ba ne da za ka kaɗa mashi ƙararrawa. Kafin ka rubuta rana, bi su ɗaya ɗaya ka ji yaushe kowa ke tashi daga neman abincinsa. Ka fara wasa ana idar da la'asar, ka tashi kafin ladan ya taɓa lasifika. Duk wasan da ya ci magariba, matan gida da limamin unguwa za su haɗu su kashe maka shi, kuma su ke da gaskiya.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Kai ba za ka san yadda garin nan ya koma ba. Kowa ya zama ɗan siyasa. Ƙungiyar masu wankin hula ma sai da ta rubuta tsarin mulki ta yi zaɓe. Mu ma muka ce ba za a bar mu a baya ba. Muka taru a wani aji na firamaren da Malam Rabe ke koyarwa, shi ne ɗan wasan tsakiya na Ƙofar Durɓi, mutum mai sanyin magana da taurin gaskiya. Muka amince kowane kulob ƙuri'a ɗaya gare shi, zaɓe duk shekara biyu. Aka zaɓe ni shugaba, aka zaɓi Malam Rabe sakatare. 'Yan takara suka yi ta zuwa da riguna masu hotonsu suna cewa kyauta ce. Malam Rabe ya ce in muka sa hoton mutum a ƙirji, ranar da ya faɗi zaɓe da mu zai faɗi. Muka mayar masu da kayansu cikin mutunci, ni na ɗinka mana namu. Wannan ramin mun tsallake shi. Wanda na faɗa, da hannuna na haƙa shi.

Gasa ta karɓu. Daga kulob huɗu muka koma takwas. Ranar wasa masu rake da masu ƙosai su kewaye fili, tsofaffi su zo da tabarminsu. Ni kuwa sunan Ciyaman ya shige mani jini. In na bi ta kasuwa aka kira ni Malam Lawal sai in ji kamar an rage mani tsawo. Mahaifiyarka ta lura tun kafin ni in lura. In ta kawo mani tuwo sai ta rusuna da gangan ta ce, "Ranka ya daɗe, Ciyaman na masu gajeren wando, ga abinci." In yi dariya, amma a raina daɗi nake ji. Ka kiyayi sunan da mutane za su laƙaba maka saboda aiki. Ranar da ka ji ka fi son sunan a kan aikin, ka nemi wanda zai karɓe ka.

Ana saura wata biyu zaɓe na biyu, Hamisu ya zo shagona da takarda a hannu, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe ni har da tambayar jikinka, don lokacin kana fama da ƙyanda. Ya ce su ma sun haɗa kulob ukku: na 'yan acaba, na leburorin gini, da na 'yan ga-ruwa. Duk mutanen ƙauye ne da suka shigo birni. Suna so a sa su cikin gasa. Fuskarsa cike da murna, don a ganinsa magana ce ta gama, tunda shi da ni ne.

Na ce mashi za mu duba. Yana fita na fara lissafin da har yau nake jin kunyarsa. Cikin kulob takwas, biyar nawa ne, ukku suna bayan wani da ke neman kujerata. In aka ƙara ukku waɗanda ban san inda za su karkata ba, ana iya kayar da ni. Ka ji dalilin, tsirara. Amma ba shi na faɗa wa mutane ba. Na ce mutanen ƙauye ne, damina na faɗuwa za su gudu gona su bar mana gasa a rataye. Na ce ba mu san asalinsu ba, in rigima ta tashi wa za mu kama? Na zauna na tsara doka, na kai ta taro: ba wanda zai buga wa kowane kulob sai mai gidan gado a cikin birni.

Ranar taron, aji ya cika, Hamisu da mutum biyu daga cikinsu suna tsaye a baya don ba su samu benci ba. Na karanta doka. Malam Rabe ya aje bironsa ya ce, "Ciyaman, in don damina ce, sai mu tsara gasa ta ƙare kafin shuka. Wannan ba matsala ba ce." Na ce mashi ba a nan gizo ke saƙa ba. Ya ce, "To ina yake saƙar? Faɗa mana." Na daka mashi tsawa na ce sakatare rubutu ne aikinsa. Aka kaɗa ƙuri'a, doka ta wuce.

Sai Hamisu ya ɗaga hannu, kamar ɗan aji ukku. Na ba shi izini ina kallon wani wuri. Ya ce, "Ciyaman, ina so in fahimta ne kawai. Tokata tana da izinin shiga filin, ƙafata ce ba ta da shi?" Na ce doka ba ta san mutum ba, na rufe taro da addu'a. Ka ji fa, da addu'a na rufe.

Asabar ta zagayo. Na tabbata ba zai zo ba, don haka na samo toka a leda na tafi fili da hantsi, ina tunanin yadda zan fara. Na tarar ya gama gefe ukku, yana duƙe yana bin igiya a na huɗu. Na tsaya a kansa da ledata kamar wawa. Na ce, "Hamisu, ai na zaci ba za ka zo ba." Bai ɗago ba. Ya ce, "Mutane za su zo wasa, Malam. Ba su suka yi mani ba." A nan ne ya kamata in durƙusa in ce na yi kuskure, in kira taro a warware. Kalma ukku ce ko huɗu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, sannu da aiki." Na juya na tafi da tokata.

Bishir, wannan shi ne babban kuskuren, ya fi dokar kanta muni. Doka takarda ce, ana yaga ta cikin minti guda. Girman kai ne ya mayar da ita shekara shida. In ka yi wa mutum ba daidai ba, kuma ka san ka yi, to kada rana ta faɗi ba ka je ba. Kullum ka ƙara kwana, hanyar gidansa ƙara tsawo take yi.

Hamisu ya ci gaba da ja mana layi har gasar shekarar ta ƙare, bai yi fashin Asabar ɗaya ba. Daga nan ya daina zuwa. Shi da mutanensa suka share wani fili a bayan tasha suka fara tasu, ba su tambayar kowa gidan ubansa. Na ci zaɓena, na ƙara cin wasu biyu. Amma me nake mulka? Mutanenmu suka fara tsufa, gwiwoyi suka fara ƙara. Matasan da suka yi aure suka kai shekarun shiga, yawancinsu a sababbin unguwanni na bayan ganuwa suke haya, iyayensu ma'aikata ne da aka kawo daga wasu garuruwa. Dokata ta tare su a ƙofa. Sai kulob suka fara tonon asalin juna. A ci ku wasa yau, gobe a kawo mani ƙara cewa golan da ya hana ku ci, ubansa daga Mani ya zo. Na koma alƙalin gado maimakon shugaban ƙwallo. Layin fili kuwa, wanda duk aka sa sai ya ja shi a karkace, rigimar ta fita ba ta fita ba ta dawo sabuwa. Daga takwas muka koma biyar, biyar ɗin ma sai an yi aron mutum kafin a cika sha ɗaya.

Wata rana ina ƙorafi a tsakar gida, mahaifiyarka tana tsince shinkafa. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ni dai Innarka ta gaya mani kakanka da jaki ɗaya da buhun gero ya shigo ta Ƙofar Guga. Da an tambaye shi gidan gado, da yanzu a ina kake Ciyaman?" Muna taƙama ana ce mana ɗakin kara. Garin nan ya yi wa kakana kara, ni na kasa yi wa Hamisu.

Na kira taro, mutum tara suka zo. Na ce a soke doka. Malam Rabe ya zaro tsohon littafinsa, ya ja layi a kanta, ya ce, "Shekara shida biron nan yana jiran wannan aiki." Muka aika wa mutanen bayan tasha cewa muna so a haɗe. Su a lokacin sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, ba su da wata bukata gare mu, amma suka yarda. Aka yi zaɓe, wani bakanike daga cikinsu ya kayar da ni warwas. Ka ga kuwa ban mutu ba. Na koma gida na ci tuwona, har na nemi ƙari. Gasar da kake alfahari da ita yau, wadda ake zuwa kallo daga unguwanni, daga wannan haɗewar ta samo ƙarfinta, ba daga wayona ba.

Ranar haɗewar na duba ban ga Hamisu ba. Na tambaya, aka ce ai bara mota ta buge shi a kan babur, gwiwarsa ta dama ta tashi aiki, yanzu faci yake yi a bakin tasha. Ban ma sani ba. Mutumin da ya tambayi ƙyandarka, ya yi wata biyu a kwance ban leƙa shi ba.

Na sayi yadi mai kyau, kore, kalar kulob ɗinsu. Na ɗinka riga da hannuna, na yanka lamba biyar da farin yadi na ɗora a baya. Na yi kwana ukku ina ɗaukar ta ina ajewa. Ran na huɗu da safe na tafi. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, ƙafar a miƙe, yana duba tub cikin ruwa. Ya yi yunƙurin tashi, na hana shi. Muka gaisa, ya iyali, ya jiki, ya aiki, ya aka ji da haƙuri, muka sake maimaitawa, don na kasa shiga maganar. Daga ƙarshe na miƙa mashi rigar na ce, "Hamisu, na zalunce ka. Ba damina ba ce, ba asali ba ne. Kujera nake tsoron rasawa. Ka yafe mani."

Ya goge hannunsa a jikin wando kafin ya karɓa. Ya buɗe ta, ya juya ta, ya shafa lambar da yatsa. Ya ce, "Ɗinki ya yi kyau, Malam. Hannunka bai canza ba." Sannan ya ce, "Yafiya kam na yafe tun tuni, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Mun buga tamu a bayan tasha, mun ji daɗi. Amma ka san ni a wancan filin na so in buga, wanda na san kowane taku nasa. Sau ɗaya ma ya ishe ni, da alƙali da usur, a ce yau Hamisu na cikin layi. Shekara shidan nan su ne ƙwallon da ta rage mani a ƙafa." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Na zauna a gefensa hawaye na zuba, fasinjoji na wucewa suna kallon dattijo.

Ya ninke rigar yadda na kawo ta, ya mayar mani. Ya ce, "Ni in na karɓa a akwati za ta ƙare. Ka aje. Ba a rasa wani tsaye a bakin fili."

Na aje ta, kuma ga shi a akwatin ta ƙare, nawa. Duk wanda na duba in ba sai in ga ban isa ba. Hamisu yana nan da ransa, ka san shi, shi ne mai facin da kullum in mun wuce nake sauka in gaishe shi kana ƙorafin ina ɓata maka lokaci. Muna zumunci, ya zo sunan ƙanwarka. Amma abin da na ɗauke mashi ba ni da inda zan samo shi in mayar.

Yanzu buɗe ledar. Ita ce.

Ka kafa gasarka, Allah Ya sa albarka. Ka nemi Katsinawa 'yan'uwanka, ba laifi, da su za ka fara. Amma kana kafa turaku za ka ga wani ya zo ya tsaya a gefe, Banufe ne ko Bayarabe ko wanda ba ka ma san yarensa ba, yana tsinto maku ƙwallo in ta fita, yana kallon ƙafafunku. Kada ka tambaye shi garinsu. Tambaye shi lamba nawa yake bugawa, ka miƙa mashi rigar nan, ko ta yi mashi yawa. In ka yi haka, ka rubuto mani sunansa. Zan hau acaba in je bakin tasha in gaya wa Hamisu.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaida maƙwabtanka kafin su gaishe ka, ka tuna a can kai ne mai shigowa da jaki ɗaya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka lafiya da abinci mai albarka, Ya kare ka daga girman kai irin na ubanka, Ya maido mana da kai lafiya. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Lawal Tela.